Majigin ban tsoro da bidiyon salula: darasin ɗan lakkwal a Gidan Rumji

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun kaka da kakanni wannan karin magana yake raba gardama a kasuwa da fada da gaban alƙali: wanda ya ce an faɗa masa sai ya ja da baya, wanda ya ce ya gani da idonsa shi ake ba gaskiya. To amma zamani ya zo da abin da magabata ba su san da shi ba, wato hoto mai motsi, wanda wani ya ɗauka, wani ya yanke, wani kuma ya ɗora masa sauti kafin ya iso gaban mai kallo. A yau mutum yana iya rantsewa ya gani da idonsa, alhali abin da aka zaɓa masa ne kawai ya gani. Wanda ya tuna wa manya wannan gaskiya a garin Gidan Rumji wani ɗan ajin ƙarshe ne na lise, yaron da danginsa suka daɗe suna yi wa faɗa saboda son finafinan ban tsoro.

Ga yadda abin ya faru. Wata rana da rani, bayan sallar isha'i, ƴan kasuwa huɗu suna zaune bisa benci ƙofar shagon kawun yaron, ana shan shayi ana lissafin buhunan wake da za a saro washegari a wata kasuwar ƙauye ta wajen iyaka. Sai ga bidiyo ya shigo wayar ɗayansu ta WhatsApp: dare, wuta na ci, hoto na rawa, mata na kururuwa, bindiga na tashi, an kuma rubuta a ƙasa cewa yanzu-yanzu ɓarayin daji suka faɗa wa wani ƙauye da ke bisa hanyar kasuwar. Nan take jikin kowa ya yi sanyi, har an fara neman direba a gaya masa an fasa tafiya. Yaron, wanda shi ke zuba shayin, ya ce: "Kawu, a ba ni wayar in duba." Ya kashe sautin ya kalli hoton sau uku, sannan ya maido sautin ya saurara ido rufe. Ya nuna musu cewa a hasken wutar ana ganin ciyawa ɗanya har gwiwa, alhali ana tsakiyar rani; rufin ɗakunan ba irin ginin yankin ba ne; ƙarar bindigar kuwa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, ko mai ɗaukar hoton ya matso ko ya yi nisa, alamar daga baya aka ɗora ta.

"Kai yaro, ina ka koyi wannan?" in ji kawun. Ya amsa: "A majigin aljannun nan da kuke hana ni kallo, Kawu." Aka buga wa wani dillali na ƙauyen waya, aka tashe shi daga barci, ya ce lafiya lau suke. Da asuba mota ta tashi.

Labarin ƙarami ne, babu wanda ya mutu, babu wanda aka kama. Amma ya isa a tsaya a saurari abin da yaron nan yake faɗi game da finafinansa, domin ilimin da ya tsinta a gidan kallo ya yi wa ƴan kasuwa huɗu aikin da babu wata hukuma da ta yi musu a wannan dare.

Yadda ake ƙera tsoro

Ra'ayinsa na farko shi ne, tsoro a majigi ƙera shi ake yi kamar yadda maƙeri ke ƙera lauje, kuma kowane maƙeri da iyakar gwanintarsa. Ya raba finafinan gida biyu. Akwai na malalata, masu kwarara jini, ko masu ɓoye dodo bayan ƙofa ya yi tsalle tare da ƙara mai firgitarwa. Waɗannan a wurinsa ba su wuce wasan yara na laɓewa a zaure a razana mai wucewa ba, gaba ya faɗi sau ɗaya shi ke nan. Akwai kuma na gwanaye, masu sa mutum ya kasa zama ya kasa tashi tun ba a nuna masa komai ba. Babban malaminsa a nan shi ne Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya yi suna a Amurka. Cikin hirarsa da François Truffaut, wadda ta fito a littafi a 1966, Hitchcock ya ba da misalin mutum biyu suna hira, ga bam ƙarƙashin teburinsu. In mai kallo bai san da bam ɗin ba, firgita ta ƴan daƙiƙoƙi kawai zai samu sa'ad da ya fashe. In kuwa an nuna masa lokacin da aka dasa shi, aka kuma nuna masa agogo, to minti 15 zai yi rai a hannun Allah, yana ji kamar ya ƙwala wa mutanen kira su tashi. Jira, in ji yaron, ya fi aukuwa cin rai.

Na biyu, ido ba ya ganin rabin abin da yake zaton ya gani. A fim ɗin Psycho na 1960 akwai wurin da aka kashe wata mace a makewayi, wurin da masu kallo da yawa suka fita suna rantsuwa sun ga wuƙa tana yanka nama. Kisan kansa bai wuce daƙiƙa 45 ba a allo, amma sai da aka shafe mako guda ana ɗaukarsa, aka girka kamara a wurare 78, aka yi yanka 52. Duk wanda ya tsai da hoton ya bi shi ɗaya bayan ɗaya zai ga hannu, ya ga baki a buɗe, ya ga ruwa na zuba, amma ba zai ga rauni ba. Jinin da ke bin magudana ruwan cakulan ne, tun da fim ɗin baƙi da fari ne; ƙarar suka kuwa wuƙa ce aka riƙa caka wa wani irin kankana gaban na'urar ɗaukar murya. Mai kallo da kansa ya ƙarasa kisan cikin kansa.

Na uku, kunne ya fi ido tsoro. Hitchcock da farko ba ya son a sa kiɗa a wurin kisan nan, sai da mai kiɗansa Bernard Herrmann ya kawo masa kukan goge mai tsini kamar ƙarar tsuntsun da aka kama, sannan ya sallama. A 1975 kuma Steven Spielberg ya shirya Jaws, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane. Kifin ƙarfe da roba da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa cikin ruwan gishiri, sai tilas ta sa ya ɓoye shi: fiye da awa guda mai kallo ba ya ganinsa sosai, sai dai ya ji sauti biyu suna maimaituwa suna ƙara sauri, ya ga ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa. Lalacewar kifin ita ta zama arzikin fim ɗin. Daga nan yaron ya samo gwajinsa: duk hoton da ya tsorata ka, kashe sautinsa ka sake kallo, abin da ya rage shi ne abin da ka gani da gaske.

Na huɗu, kamara tana da mazauni, kuma wani ne ya ajiye ta a wurin. Waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1990, zamanin da ake biyan dala biyar ko goma a shiga rumfar bidiyo, da yawansu ba su manta da Evil Dead na 1981 ba, inda wani abu marar kama yake bin mutane da gudu cikin kurmi. Abin da Sam Raimi ya yi, don ba shi da kuɗi, shi ne ya ɗaure kamara bisa katako, mutum biyu suka riƙe gefe da gefe suka ruga da ita. Ba a nuna aljanin ba ko sau ɗaya. Idonsa aka ara wa mai kallo. Saboda haka yaron kan tambaya a kan kowane hoto: wa ke riƙe da kamarar, ina ya tsaya, kuma me ya hana shi gudu in da gaske ana harbi?

Na biyar shi ne abin da masu sana'ar ke kira montaji, wato jera hoto bayan hoto. Wajen 1920 wani malamin majigi na Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, fuskar da ba ta nuna komai, ya haɗa ta sau ɗaya da kwanon miya, sau ɗaya da gawa cikin akwati, sau ɗaya da wata mace. Masu kallo suka yaba gwanintar ɗan wasan wajen nuna yunwa da baƙin ciki da sha'awa, alhali hoton fuskar guda ne. Ma'anar hoto tana hannun wanda ya zaɓi abin da zai zo gabansa da abin da zai biyo bayansa.

Daga allon majigi zuwa tafin hannu

Wani zai ce, to ina ruwan mai saida wake da Kuleshov? Ruwansa shi ne, dabarun nan biyar sun bar gidan sinima sun shiga aljihunsa. A 2018 wani bidiyo ya bazu a Indiya ta WhatsApp, ana ganin mutum biyu bisa babur sun sure yaro a titi. Jama'a suka riƙa tare baƙi suna duka, aka kashe mutane da dama waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ashe bidiyon wata ƙungiya ce ta shirya shi a Karachi ta Pakistan don jan kunnen iyaye, kuma a ƙarshensa masu babur suna maido yaron su ɗaga takardar gargaɗi. Ƙarshen nan kawai aka yanke. Sai da kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Indiya a 2018, a duniya baki ɗaya a 2019.

Kusa da gida kuma, a watan Yuni na 2018, lokacin rikicin jihar Filato ta Najeriya, an yi ta yaɗa hotunan gawawwaki a Facebook ana cewa na kisan da ake yi ne a lokacin. Binciken da BBC ta fitar a wannan shekara ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyon an ɗauke shi ne a Kongo Barazabil tun 2012. Kafin gaskiya ta fito an riga an tare hanya an fiddo mutum 11 daga motoci an kashe su. Rubutu ɗaya a ƙarƙashin tsohon hoto ya yi aikin kwanon miyar Kuleshov, sai dai a nan jinin ba cakulan ba ne.

Gundumar Gidan Rumji ba ta buƙatar a koya mata tsoro. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke ƙetaro iyaka suna gudun ɓarayin daji; a wannan shekara kaɗai hukumar HCR ta ƙidaya fiye da mutum 40,000 da suka shigo jihar Maraɗi, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun taɓa ƙauyukan wannan gefen na iyaka su ma. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ba a ga laifinsa ba. To amma a irin wannan ƙasa tsumma ma kuɗi ne. Bidiyo ɗaya na ƙarya yana iya hana motoci goma zuwa kasuwa; manomin da ya kawo wakensa bisa amalanke ya rasa mai saye, ya karyar wa wanda ya yi ƙarfin hali ya zo, ko wanda tun farko ya san labarin ƙarya ne. Mushe yana iya rufe aji ya hau babur, ma'aikacin asibiti ya bar masu haihuwa. A ƙarshe baƙon da ya sauka tasha da yamma, ko makiyayin da ya zo sayen gishiri, shi ake yi wa kallon ɗan leƙen asiri.

Su kansu ɓarayin sun gane amfanin kamara. Bello Turji, wanda sunansa ya cika yankin Sabon Birni da Isa da Shinkafi, ya sha fitowa a bidiyo kewaye da yaransa da bindigogi, wasu irinsa kuma sun riƙa baje kuɗin fansa a TikTok. Mai kallon da ya san dabarar majigi zai lura cewa an jera mutanen ne don su cika hoto, an zaɓi inda kamara za ta tsaya, an kuma bar abin da ke bayanta a ɓoye. Jarin ɗan ta'adda tsoro ne, duk wanda ya tura bidiyonsa gaba kuwa ya zama dillalinsa ba tare da la'ada ba. Haka nan a fagen siyasa: babu mulkin da bai taɓa amfani da dodon bayan ƙofa ba, wato maƙiyan da ba a ambatar sunansu, da makircin da kullum ake gab da bankaɗowa. Ruwanda ta ga ƙarshen wannan hanya a 1994, sa'ad da gidan rediyo ya yi watanni yana kaɗa wa jama'a gangar tsoro kafin a zare adda.

Masu suka suna da tasu gaskiya

Ba za a ce iyaye da malaman da ke ƙin finafinan nan ba su da hujja ba. Da yawansu shara ce: tsiraici, tsafi, jini don jini, kuma shi kansa yaron bai musa ba. Ɗan shekara bakwai da aka bari ya kutsa rumfar kallo tsakar dare ba ya koyon montaji, mugun mafarki kawai yake kwasowa. Yaron da ya gudo daga ƙauyen da aka ƙone, ya ga abin da ya gani, zalunci ne a zaunar da shi gaban irin wannan hoto. Akwai kuma ɗan lakkwal da zai fake da Hitchcock ya faɗi jarrabawar bak. Har ila yau, wanda ya saba gano ƙarya yana iya zarcewa ya ƙaryata komai, alhali wani gargaɗin gaskiya ne, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira. Shi ya sa abin yabo a daren nan har da wayar da aka buga wa dillali: duban hoto ya kawo shakka, amma muryar wanda ke wurin ita ta kawo tabbaci.

Inda masu sukar suka kuskure shi ne wajen magani. Hani an gwada shi. A ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa hukumar tacewa, a 2007 aka sake tsai da ɗaukar finafinai na tsawon watanni. Kallo bai ragu ba, sai ma hanyarsa ta sauya daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa katin waya wanda bai kai farce girma ba, mai ɗaukar finafinai barkatai, wanda babu ɗan duwan da zai gan shi. A nan Nijar kuma an ɗauki hanyar doka: a 2019 aka kafa dokar laifukan intanet, a 2022 aka cire ɗauri bisa laifin ƙazafi da zagi, a watan Yuni na 2024 hukumomin soja suka maido da shi, tare da ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ga mai yaɗa abin da aka ce yana iya ta da hankalin jama'a. Irin wannan doka ihu ce bayan hari. Ba ta raba wanda ya ƙera ƙarya da tsohon da ya tura ta don ya ceci ƴan uwansa, kuma ƙungiyoyin ƴan jarida sun sha kokawa cewa masu alƙalami ta fi kamawa. Kurkuku yana iya sa mutum ya yi shiru, amma bai taɓa koya wa kowa duban ciyawa cikin hoto ba.

Gadon da aka yar

Abin takaici shi ne, ƙasar da yaranta ke koyon wannan ilimi a ɓoye tana cikin na gaba-gaba a majigin Afirka. Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, sannan ya yi Saitane, labarin mai duba da ke cin amanar masu tsoronsa. Mustafa Alasan a 1973, ana tsakiyar fari, ya fitar da Toula, daga labarin Bubu Hama: gari ya rasa ruwa, boka ya ce sai an ba dodon tafki budurwa, saurayinta ya tafi neman ruwa don ya cece ta, ya dawo an riga an gama. Wane fim ɗin ban tsoro ne ya wuce wannan, kuma wace tambaya ce ta fi tasa nauyi ga talaka: wa ke yanke hukuncin wanda za a sadaukar in gari ya firgita?

Ko gardamar ƴan makaranta bisa majigi ba yau aka fara ta ba. Da Jean Rouch ya nuna Les Maîtres fous a Paris a tsakiyar shekarun 1950, fim ɗin da ya ɗauka a Akra a kan ƴan Hauka, ƴan ci-ranin Nijar masu hawan iskokin da ke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa, ɗaliban Afirka da ke zauren suka fusata, suka ce za a ɗauki hoton a matsayin shaidar cewa baƙar fata dabba ne. Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasashen da suke mulka, don su sun ga ana yi musu ba'a. Hoto guda, fassara biyu, kuma tambayar ɗaliban nan ita ce ta yaron Gidan Rumji: wa ke riƙe da kamara, wa za a nuna wa?

Yaron yana da ƙorafi bisa finafinan Hausa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a Kano a 1990. Ya ce sun ari rawa da waƙa daga Indiya suka bar dukiyar gida, alhali kakarsa da ke yi musu tatsuniyar Dodo da dare ta san dabarar Hitchcock sarai: takan rage murya, ta yi shiru a inda ya kamata, ba ta taɓa faɗin kamannin Dodo duka ba. Ya ce tsoron da ke kama mutum shi ne wanda dama yana kwance cikin gidansa. Living in Bondage na 1992, wanda ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyinsa, labarin mutumin da ya ba da matarsa don ya yi kuɗi fatalwarta ta hana shi sakat, ya karɓu ne don ya fito a zamanin da tsarin tsuke bakin aljihu ya talauta ma'aikata, aka kuma ga wasu sun kuɗance dare ɗaya babu sana'a. Atlantique na Mati Diop, wanda ya ci babbar kyautar alƙalai a Cannes a 2019, labarin leburori ne na Dakar da aka hana albashin watanni, suka shiga teku suka nutse, suka dawo cikin jikin ƴan mata suna bin mai gidansu bashi. Farin ido kawai aka sa wa ƴan matan, ya wadatar. Ma'aikacin da ya ga shekarun 1990, sa'ad da ake shafe watanni ba albashi, ba ya buƙatar a fassara masa wannan fim.

Sai dai gidajen sinima na manyan garuruwa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, bidiyo ta janye masu kallo, karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin hayar fim daga waje. Ganda ya rasu a 1981, Alasan a 2015. Yaron da zai iya lissafa yankan Psycho bai taɓa ganin Toula ba, kuma laifin ba nasa ba ne.

Abin da ya kamata

Maganin ba ya buƙatar miliyoyi. Masu tsara karatu su ware awa guda a wata, cikin darasin Faransanci ko falsafa, a koya wa ƴan kwaleji da lise karatun hoto kamar yadda ake koya musu karatun rubutu: a nuna musu minti biyu na fim, a kashe sauti, a ƙidaya yanka, a tambayi mazaunin kamara, sannan a ɗauko bidiyon da ya zagaya gari a makon a yi masa haka. Buƙatar ta ƙara tsananta yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya sa wa mutum maganar da bai faɗa ba da muryarsa da fuskarsa. Gidajen matasa su nemo finafinan Ganda da Alasan su nuna, a yi muhawara bayan kallo. Gidajen rediyon karkara su ba irin yaron nan minti goma a mako da harshen Hausa. Masu rumfunan kallo su raba lokacin yara da na manya, shugabannin unguwa su sa ido. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su riƙe lambar amintaccen mutum a kowace kasuwar ƙauye, kada a fasa tafiya ko a tura saƙo gaba sai an ji daga bakinsa. Furefe da jandarmomi kuma su saba da faɗin gaskiya da wuri, mai daɗi da marar daɗi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shirun hukuma shi ne babbar tsaga.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Haka ne a sha'anin duniya, amma in abin da ake hange allon waya ne, sau da yawa yaro ke gaba, kuma babu kunya ga babba ya tambaye shi. Ƙasar nan ta taɓa ganin ranar da ƴan makaranta suka riga manya: jinin ɗalibai uku da aka zubar a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990 shi ya buɗe hanyar taron ƙasa na 1991. Abin da aka nema a lokacin shi ne ƴancin faɗi da ƴancin ji. Wanda ya rage a nema shi ne ilimin tantance abin da aka ji da abin da aka gani, don jama'ar da kowa ke iya firgitawa kowa na iya juya ta. Kawun yaron dai har yanzu bai yarda majigin aljannu abin kirki ne ba, amma an ce duk bidiyon da ya shigo masa, sai ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa wayar kafin ya tura wa kowa. Allah shi ba ƙasa lafiya, shi kuma tsare bayinsa daga sharrin ɓarayin daji da na masu ƙera tsoro.